Maharbi a Garin da Ba a Farauta

A ƙofar gidan da surukina yake haya a unguwar Ka'akiyya ta Makka muka yi zaman makoki. An jera kujeru a gefen titi yadda aka saba a nan, bayan magariba mutane su zo, a zuba musu gahawa, su yi addu'a su tashi. Samarin da aka haifa a Makka da Larabci suke yi mana gaisuwa, su dafa kafaɗarka su wuce. Tsofaffi kuwa sai sun zauna sun tambayi ya haƙuri, sannan kowa ya faɗi abin da ya sani game da mamacin.

Limamin unguwa ya ce bai taɓa juyowa bayan sallama ya rasa shi a sahun farko ba, sai da ciwo ya kwantar da shi. Wani maƙwabci ɗan Sakkwato ya ce shi dai ya san tsoho ne mai yawan shiru. Babban ɗansa, wan matata, yana ta amsa waya yana yi wa mutane kwatancen gida. Amininsa kuma, wani tsohon wanzami da suka taso tare, ya zauna a kujerar ƙarshe ya ƙi karɓar gahawa. Da na je na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce, "Yanzu wa zai duba min kibiya?" Na kusa da shi suka kalli juna. Sun ɗauka tsufa ne ya sa shi sambatu.

A nan na gane yawancin waɗanda suka zo ba su san wanda suke yi wa addu'a ba. Kuma kabari a Makka ba a rubuta masa suna. An yi masa salla a Harami, mun kai shi mun dawo, amma ko yau aka ce in nuna inda yake kwance ba zan iya ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, duk da ni direba ne, rubutu ba aikina ba ne.

Surukina ɗan maharbi ne daga ƙasar Damagaram. Yana saurayi ya baro gida shi da wanzamin nan, suka biyo ta Cadi da Sudan, su tsaya su yi aiki, su ƙara gaba, har suka ƙetaro teku. Niyyarsu su yi hajji su koma, amma ba su koma ba. Ya yi dako, ya yi jiran shago, daga baya ya sami aikin gadi a wani gidan Turawa a Jidda. A can ya fara ganin kibiyar alminiyam a hannun wani Bature mai son harbi. Da Baturen zai bar ƙasar ya bar masa baka da 'yan kibau. Daga nan abin ya kama shi, kuma bai sake shi ba har ya mutu.

Ni daga Katsina na zo, ina tuƙi a ƙarƙashin kafil, wato ubangidan da ya tsaya min a takarda, na auri autarsa. Shekarun farko tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, ni ina durƙushe ina kallon tabarma, shi yana kallon bango. Bai taɓa kiran sunana ba. Malam yake ce min, ni kuma in ce Baba. Wata Alhamis matata ta ce min Baba yana son zuwa Jidda, kuma yayanta ya ce shugul, wato aiki, ya yi masa yawa. Na ɗauke shi daga tsohon gidansu na Misfala, muka tafi har muka isa haraj, kasuwar 'yan gwanjo inda ake zubar da kayan gidajen da masu su suka tashi.

Yana shiga kasuwar sai na ga wani mutum daban. Ya wuce kujeru da tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki bai kalle su ba, ya tsaya gaban wani ɗan Yaman da ke da bokiti cike da sandunan labule da kokarar kamun kifi. Ya sa hannu ya zaro kibau daga cikinsu. Ya ɗora ɗaya a kan farcen babban yatsansa, ya hura gashin da ke gindinta, ta fara juyawa.

"Malam, matso ka sa yatsa nan," ya ce. Wannan ce doguwar magana ta farko da ya yi min. "Ka ji tana bugun farce?"

Na ce na ji.

"To, ta lanƙwashe. Ido ba zai gani ba, amma farce ba ya ƙarya."

Ya ɗauki wata, ya sake ta a hankali ta bugi siminti da gindi. Ta yi ƙara siririya mai tsawo. Ya gyaɗa kai. Ta uku ta yi wani sauti a dushe, ya mayar da ita bokiti ko sake kallonta bai yi ba. Ya ce ta tsage a ciki, ko kuma gishirin iskar Jidda ya cinye ta. Ya cire toshin bakin wata ya karkaɗa a tafin hannunsa, wani farin gari ya zubo. "Ka ga wannan? Kyau a waje. Ranar da ka ja ta, a hannunka za ta karye."

Tun daga ranar na zama direbansa. A hanyar Jidda, zuwa da dawowa, na koyi abin da na koya. Ba ya karatun boko, amma ya san lambobi huɗun da ake bugawa a jikin kibiya: biyun farko kaurinta ne, biyun ƙarshe kaurin bangonta. Ya san shekarunsu daga launi. Mafi tsufa farare ne kamar cokali, suna baƙanta yatsa idan ka murza, kuma suna da laushi, da hannu ma sai ka lanƙwasa su. Bayansu aka yi koraye da masu ruwan zinariya, su ya fi so, ya ce idan ka tanƙwara su suna komawa yadda suke. Masu zanen ganye su ne na baya-baya. Sirara marasa nauyi kuwa ya ce na wasa ne, na harbin allo, bai halatta a nuna wa mai rai su ba, don za su shiga ne su tsaya a fata.

A gida yana da wani gilashin tebur da yake mirgina su a kai yana kallon haske ta ƙarƙashi. A bango kuma ya kafa ƙusoshi biyu, ya ɗora kibiya a kansu, ya rataya wani tsohon kwaɗon ƙofa a tsakiyarta ya ga iya inda za ta sunkuya. Idan ta sunkuya da yawa, ya ce ba ta kai ƙarfin bakansa ba, za ta fita tana kaɗa jela kamar kifi. Surukata takan leƙo ta ce abinci ya huce. Ya ce to. Sai ta sake ɗumamawa.

"Kibiyar gidanmu kyauro ce," ya taɓa ce min, "ba gashi, sai dafi. Ko a ƙafa ka sami barewa, dafi zai ƙarasa maka aikin. Wannan ba ta da dafi. Idan ba ta miƙe ba, idan ba ta yi nauyi ba, azaba kawai ka aika."

Abin da mutane ba su gane ba shi ne yadda maharbi zai rayu a garin da ko tantabara ba a kora. Shi ya sami hanyarsa. A cikin Makka kibansa ba su da kai, bakansa kuma ba ya ɗaure da tsirkiya. Kawunan, masu faɗi da kaifi kamar aska, suna cikin wani gwangwani a wurin wani makiyayin raƙuma, can bayan an wuce alamomin iyakar Harami ta hanyar kudu. Sai mun wuce alamomin nan da nisa yake cewa in tsaya. Ko a can ɗin ma zomo kawai yake nema, a lokacin da aka yarda, kuma sau da yawa haka muke dawowa hannu wofi bai damu ba.

A can ne suka yi faɗa da wanzami.

Wanzami yana da wata kibiya mai ruwan zinariya da yake ji da ita. Ta taɓa bugun dutse ta loɓa a tsakiya, ya zauna ya miƙe ta da hannu har ta yi kamar ba abin da ya same ta. Surukina ya duba ta ya ce a yar. Ya ce lanƙwasa tana gyaruwa, amma inda ƙarfe ya loɓa ya riga ya mutu. Wanzami ya ce to, amma ya mayar da ita cikin kwari.

Da hantsi zomo ya tashi a gaban wanzami, kuma ita ya zara. Na ji ƙarar karyewarta tun kafin in ga komai. Rabi ya faɗi a gabansa, rabin mai kan ya sami zomon a cinya. Ya ja ƙafa ya shige cikin duwatsu yana wani irin kuka da ban san zomo yana yi ba.

Muka bi jini. Tsofaffi biyu suna rarrafe a kan duwatsu masu zafi, suna leƙa ramuka, har rana ta take. Ruwanmu ya kusa ƙarewa. Na ce, "Baba, mu haƙura." Surukina ya ci gaba da leƙa ramuka. Sai da ya ga jinin ya ɓace gaba ɗaya sannan ya miƙe, gwiwoyinsa duk sun kuje, ya juya ga amininsa.

"Na ce maka ka yar da ita."

"Zomo ne fa," in ji wanzami. "Zomo ɗaya."

"Yana can cikin rami da ƙarfe a jikinsa. Ba zai mutu yau ba, ba zai mutu gobe ba. Ranar da za a tambaye ka, ba ni zan amsa ba."

"Kai ne ka fi kowa tsoron Allah ke nan?"

Surukina ya kwance tsirkiya ya shiga mota. Haka na tuƙo su, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowa yana kallon tagarsa.

Azumi ya zo ya wuce, hajji ta zo ta wuce, ba sa magana. Mutanen da suka raba gurasa ɗaya a hanyar Sudan, sai ga su suna haɗuwa a ƙofar masallaci kowa ya nemi takalminsa. A ganina surukina ya tsananta. Yana da wannan halin, idan ya ga gaskiya a gefensa ba ya rage wa kowa. 'Ya'yansa sun sha fama da shi, shi ya sa babban ɗansa ya koyi yin shiru a gabansa. Surukata ta yi magana har ta gaji.

Wanzami ne ya sauko. Wata la'asar ina zaune, ya shigo da damin kibau ɗaure da tsumma, ya ajiye a kan gilashi ya ce, "Duba min." Surukina ya daɗe yana kallon damin. Sannan ya kwance, ya fara mirginawa ɗaya bayan ɗaya, yana ware na kirki dama, na banza hagu. Na hagun sun fi yawa nesa ba kusa ba. Wanzami ya tattara su ya karya a gwiwarsa, ya zuba a kwandon shara. Surukina ya ɗaga murya ya ce a kawo shayi. Ba wanda ya sake tayar da zancen zomo.

Bayan nan abubuwa suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Aikin rushe tsofaffin gidaje ya iso layinsu a Misfala, suka koma Ka'akiyya inda haya ta fi sauƙi. Mutumin da ya saba takawa zuwa Harami kullum, sai ya koma jiran wanda zai kai shi ranar Juma'a. Gilashin ya fashe a motar kwasar kaya. Na sayo masa wani, ya shafa ya ce ba shi da laifi, amma ban ga ya yi amfani da shi sosai ba. A haraj ma kibau suka yi wuya. Mukan je mu zagaya mu dawo da gajiya kawai. Ɗan Yaman ɗin ya koma ƙasarsu, wanda ya gaji wurin bai san me muke nema ba.

Wata rana babban ɗansa ya kawo masa baƙar kibiya ta zamani, irin ta kabon, wai wani abokin aikinsa ne ya ba shi. Ina jin so yake ya faranta masa. "Shuf, ya abuya," ya ce da Larabci, wato duba Baba, "wannan ba ta lanƙwasa." Surukina ya juya ta a farce, ya buga ta a ƙasa, ya sa a kunne. Ya miƙa masa abarsa.

"Tana da kyau," ya ce. "Amma ba ta gaya min komai. Tawa idan ta ji ciwo tana nunawa. Wannan ban san yarenta ba."

Ɗan ya juya da kibiya a hannu, ya fita. Na ji tausayinsu su biyun.

Ciwon suga ya taɓa idon surukina, hannu ya fara rawa. Duk shekara kuma ga sabunta iƙama, takardar izinin zama, a ɗauke shi a kai shi a dawo da shi, mutumin da ya yi furfura a garin. Idan mun dawo yakan zauna a bakin gado ya daɗe bai cire takalmi ba. Sau ɗaya ya ce min, "Malam, baƙunta tana da gajiya."

A shekarun nan ne wani magidanci ɗan ƙasarsu ya fara zuwa gaishe shi. Lebura ne a wani babban gini kusa da Harami, kwangilarsa ta ƙare, zai koma gida wurin iyalinsa. Da hira ta yi hira sai ga shi shi ma gidan maharba ya fito, ƙauyensu ba nisa da na surukina. Suka yi ta lissafa dazuzzuka da tafkuna. Baƙon yana cewa wannan ya zama gona, wancan ya ƙafe, surukina yana gyaɗa kai.

Ranar da ya zo sallama, surukina ya ce wa matata ta janyo wani dogon kwali daga saman kabad. Ni kaina ban taɓa ganinsa ba. Koraye ne a ciki, lambarsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, gashinsu bai taɓa jiƙewa ba. Shekara da shekaru yana tara su ɗaya-ɗaya, duk wadda ta fi kyau a haraj nan take shiga.

"Ka tafi da su," ya ce. "Ka sa maƙeri ya yi musu kai mai faɗi, kada ya yi mai kunne. Idan ɗaya ta bugi dutse, ka juya ta a farce kafin ka sake ɗora ta."

"Baba, wannan ya yi yawa."

"An yi su don daji ne. Sun gaji da kwali."

Da baƙon ya tafi, surukata ta kira ni gefe. Ta ce tun suna Misfala yake cewa da waɗannan zai koma gida ya yi farauta ko sau ɗaya kafin ya mutu. "Yau na san ya haƙura," ta ce. Ta koma wurin tukunyarta.

Surukina ya kwanta asibiti a ƙarshen shekarar, aka sallamo shi da sandar dogarawa ta alminiyam. Da aka miƙa masa sai da ya bi ta da yatsu daga sama har ƙasa, ya ce a karkace take, amma za ta kai shi masallaci. Ido kuwa ya tafi, sai haske da duhu kawai yake bambancewa.

Wata safiya da sanyi-sanyi ya aiko a kira ni. Ya ce in kai shi bayan iyaka. Matata ta ce ba shi da ƙarfi, ya ce ai ba da ƙafa zai je ba. Na ɗauko baka da kwari, muka tafi. Da muka wuce alamomin ban faɗa masa ba, amma ya ce, "Mun fita ko?" Na ce mun fita.

Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar mota, na ɗaura tsirkiya na miƙa masa. Ya laluba kwari ya zaɓi kibiya, ya juya ta a farce, ya ɗora. Ya ja. Tsirkiyar ba ta ko kai gwiwar hannunsa ba hannun ya fara karkarwa. Ya sake gwadawa. Sannan ya sauke a hankali, ya zauna yana numfashi.

"Karɓi, Malam," ya ce. "Harba."

"Me zan harba, Baba? Ba komai a wurin."

"Harba kawai. So nake in ji."

Ni ban taɓa zama gwani ba, kuma ya sani. Na tsaya kusa da shi yadda ya koya min, na ja har kunne, na saki cikin fili. Ta fita da wani siririn fito, ta yi nisa, na daina ganinta kafin ta sauka. Ya karkata kai yana saurare har bayan sautin ya ɗauke.

"Ta tafi daidai," ya ce. "Ba ta kaɗa ba."

Na ajiye baka zan je nemo ta. A duk shekarun da na yi ina bin sa bai taɓa barin kibiya a daji ba, ko da za mu wuni nema. Ya kama bakin rigata.

"Bar ta can," ya ce. "Na gaji. Kai ni gida."

Bai sake fita daga Makka ba. Allah Ya yafe masa tsananinsa, Ya saka masa da tausayinsa, Ya ba shi masaukin da ba za a sake ce masa baƙo ba.